Saba'in da Talatin Ba Su Cika Ɗari Ba

A wani ƙaramin kamfani da ke bayan tashar mota, inda ake haɗa sifirit ɗin da asibitoci ke goge fata da shi kafin allura, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Haɗi. Shekara tara ta yi tana riƙe wa tsohon mai haɗin mazurari, da ya yi ritaya aka damƙa mata ɗakin haɗi da makullin sito. Mace ce da fuskarta ba ta iya riƙe sirri ba. In ranta ya ɓaci, tun daga bakin ƙofa matan da ke cika kwalabe suke ganewa, su rage surutu.

Mako uku ke nan ranta a ɓace, kuma a kan lita uku.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Lita saba'in ta tsantsar sifirit, lita talatin ta tataccen ruwa, a zuba a tankin ƙarfe, a juya, a bar shi ya zauna, a tura ɗakin kwalabe. A jikin tankin akwai siririn bututun gilashi mai lambobi da ke nuna inda ruwan ya kai. Saba'in da talatin kuwa, ko ɗan aji ɗaya ka tayar daga barci zai ce maka ɗari ne. Amma kullum in Mai Haɗi ta sunkuya ta duba gilashin, sai ta tarar ruwan ya tsaya a kan casa'in da bakwai. Ta goge gilashin da gefen rigarta, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta canza inda take tsaye. Casa'in da bakwai ɗin dai.

Sabon manaja ne ya tono zancen, ba tare da ya nufa ba. Mutum ne mai son fom, wanda da zai samu yadda yake so, sai an cika takarda kafin a yi atishawa. A zamanin tsoho ba a auna ruwa. Sifirit kaɗai yake aunawa, sannan ya buɗe famfo har ruwa ya taɓa layin ɗari, ya rufe, ya tafi shan shayinsa. Manaja ya ce wannan aikin kara-zube ne. Daga yanzu a auna kowanne daban, a rubuta abin da ya shiga, a rubuta abin da ya fito. Ranar Litinin aka fara cika fom ɗin, kuma a wannan Litinin ɗin ce ƙanen Mai Haɗi ya fara aiki a wurin.

Auta suke ce masa a gida, don shi ne na ƙarshe, kuma a bayanta ya girma. A da leburan gini ne, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, har giya ta same shi ta bi abin da ya mallaka ɗaya bayan ɗaya. Ta ci aikin, ta ci babur ɗinsa, daga ƙarshe matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta. Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan bai kai kwalba baki ba. Matar ta aiko cewa in ya cika shekara cif za ta dawo, ba kafin nan ba ko da kwana ɗaya. Ummansu ta rataye kalanda a gefen gadonta, kowace safiya tana soke rana ɗaya da biro.

Mai Haɗi ce ta je ta roƙa masa aikin. Ba ta ɓoye wa Manaja komai ba, ta ce duk abin da ya faru a wuyanta. Gurbin da ake da shi ɗaya ne tak, na mai auna sifirit a sito ya ɗauko shi a jarkoki ya juye a tanki. Matan ɗakin kwalabe sun yi ƙus-ƙus a kan haka, ita ma ta san abin da suke faɗa. Tsakanin sito da ɗakin haɗi akwai wani lungu mai taku arba'in, babu taga, babu mai wucewa. Jarkokin kuma shuɗaye ne, ba a ganin cikinsu.

Abin da ya kamata ta yi a fili yake. Ta tare shi a ƙofa ta sake auna jarkokin da kanta, cikin minti biyar magana ta ƙare. Ba ta yi ba, domin tsoro take ji. Muddin ba ta auna ba, akwai sauran fata. Maimakon haka sai ta koma shinshina shi. Ta ce kwalar rigarsa ta karkace, ta matso ta gyara. Ta ce wani abu ya faɗa masa a ido, tsaya ta duba. Wahalar banza ta sha, don a wannan kamfanin kowa warin sifirit yake, har kyanwar da ke kwana a ofishin mai gadi.

Sai ga wata alama da ta fi tayar mata da hankali. Tun da ya bar giya, Auta ya kama cingam. Bakinsa ba ya hutawa, aljihunsa kullum cike da takardunsa, ya ce shi ke ɗauke masa hankali in sha'awar ta taso. A mako na biyu ta lura bakin ya tsaya. Ta jira kwana ɗaya, kwana biyu, babu tauna. Ta ce a ranta, mutum ba ya ajiye madadi sai in ya koma wa na asali.

Sau biyu hannunta yana kaiwa kan famfo. Lita uku na ruwa kawai za ta ƙara, gilashi ya nuna ɗari, fom ya yi kyau, kowa ya huta. Sau biyun tana janye hannun. Wannan ruwan fatar marasa lafiya zai taɓa, ita kuwa ba za ta tsarma shi don rufa wa kowa asiri ba, ko da wanda ta goya ne. Ta ci gaba da rubuta casa'in da bakwai da hannunta, tana ji kamar takardar korarsa take rubutawa.

Ranar Litinin ta mako na huɗu Manaja ya kira ta ofis. Ya jera fom goma sha takwas a kan tebur, ya daidaita gefensu da yatsa.

"Kullum uku," ya ce. "Ba biyu ba, ba biyar ba. Ko wane ne, yana da tsari."

"Ranka ya daɗe, ina bincike."

"Ni ban ambaci sunan kowa ba." Ya cire tabarau ya goge. "Amma ke kika ce a wuyanki. Zuwa Alhamis ki kawo mini bayani, in babu, ni zan yanke."

Da ta koma gida da yamma, Umma na zaune tana tsince wake a faranti. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Saura kwana ashirin da shida. Yaya yaron nan a wurin aiki?"

"Lafiya lau, Umma."

"Kin ga ya yi shiru kwanan nan."

"Gajiya ce," in ji ta, ta wuce ɗaki da sauri kafin fuskarta ta tona ta.

Ranar Laraba da safe ta yi ta maza. Direban kamfani zai je ɗauko kwalayen sababbin kwalabe can wancan gefen gari, sai ta ce Auta ya bi shi ya taya shi lodi. Ya dube ta, ya dubi makullin siton da ke hannunta, ya shiga mota.

Ta buɗe sito da kanta. Ta auna saba'in tana ƙirgawa a fili, ta sake aunawa. Ta ɗauko jarkokin ɗaya bayan ɗaya ta cikin lungun, ƙugunta yana ƙara, tana tsayawa hutu kowane taku goma. Ta auna ruwa talatin daidai kan layi. Ta kulle ƙofar ɗakin haɗi ta ciki, ta juye, ta karkata kowace jarka har ɗigon ƙarshe ya faɗa, ta juya, ta rufe murfi. Sannan ta zauna a kan jarkar da babu komai ta juya wa tankin baya.

Lissafin a bayyane yake. In gilashi ya nuna ɗari yau da Auta ba ya nan, shi ke nan, shi ne. Don haka ta zauna tana roƙon Allah ya sa kayan kamfani su ɓace, addu'ar da ba ta jin wani mai riƙe da makullin sito ya taɓa yin irinta. Ta tuna ranar da ta je ta ɗauko shi a bakin kwata, takalmi ƙafa ɗaya. Ta tuna 'yarsa, wadda ke tambaya duk ranar da aka kai ta ziyara ko yau za su kwana. Minti goma ya cika, ta ƙara biyar.

Da ta juyo ta sunkuya, ruwan yana kan casa'in da bakwai.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har ciki, ta yi ta maimaita hamdala tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Ba ta taɓa jin daɗin asara irin ta yau ba. Sai da ta nutsu tambaya ta biyo baya. To in ba shi ba ne, ina lita ukun? Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin tankin, ta jira, ta ciro ta a bushe. Ta shafa bakin famfo, ta shafa walda. Babu yoyo, murfi a rufe. Abin da kawai ta ji shi ne jikin tankin ya yi ɗumi, amma wannan kullum haka yake yi, tun zamanin tsoho.

A ƙarshen baranda akwai ɗakin gwaji, inda wata dattijuwa mai furfura a gaban goshi take zuwa Laraba da Asabar ta gwada ƙarfin abin da aka haɗa. Mai Gwaji ake ce mata. Ba ta shiga sabgar kowa, fom ɗin Manaja ma ba ta taɓa ganinsa ba. Mai Haɗi ta faɗa ɗakin ba sallama, ta zazzage mata komai a tsaye, har da zancen cingam.

Mai Gwaji ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mako uku kina ɗauke da wannan, ni kuwa ina nan taku ashirin daga ƙofarki? Zauna, 'yar'uwa."

Ta ɗauko dogayen kofunan gilashi biyu masu lambobi. Ta zuba sifirit a ɗaya har saba'in, ruwa a ɗayan har talatin, ta ɗora su tare a kan sikeli.

"Karanta nauyin. Riƙe shi a kanki."

Ta juye ruwan cikin sifirit ɗin, ta girgiza, ta mayar da kofunan biyu kan sikeli, mai kaya da wanda babu komai. Wasu 'yan ƙananan kumfa suka taso suka ɓace.

"Nauyin ya canza?"

"Bai canza ba."

"To dubi layi."

Mai Haɗi ta duba. Casa'in da bakwai, a gaban idonta, a ɗakin da Auta bai taɓa takawa ba.

"Babu abin da ya fita," in ji Mai Gwaji. "Sikeli ya shaida miki. Ruwan nan da kike gani kamar abu ɗaya ne a dunƙule, ba haka yake ba. 'Yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, da sarari a tsakaninsu. Sifirit ma haka, sai dai nasa sun fi girma. In kika haɗa su, suna jan juna, su matsu, ƙananan su shige inda manyan suka bar fili. Kayan suna nan duka, wurin da suka ci ne ya ragu. Taɓa kofin. Wannan ɗumin na matsuwar ne."

Mai Haɗi ta taɓa. Shekara tara tana jin ɗumin nan a tafin hannunta, ba ta taɓa tambayar daga ina yake ba.

"Wani abin kuma," Mai Gwaji ta buɗe littafinta. "Da ana satar miki sifirit, da ƙarfin haɗin ya ragu. Ni kuwa mako uku ina samun saba'in da biyu maimakon saba'in. Bai wuce ƙa'ida ba, shi ya sa ban yi magana ba, na ɗauka hannunki ne ya yi nauyi. Tsohon nan daidai yake yi. A zuba saba'in, a cika da ruwa har layin ɗari."

"Wato da na ƙara ruwan..."

"Da kin yi daidai."

Mai Haɗi ta riƙe haɓa. Ha'incin da ta yi ta kokawa da zuciyarta ta ƙi yi, ashe shi ne aikin. Ta rasa ko dariya za ta yi ko ta ji haushi, sai ta yi dariyar.

Aka kira Manaja. Sai da aka maimaita masa gwajin sau biyu, na biyun shi ya zuba da hannunsa, ya duƙa ya daidaita idonsa da layi, ya miƙe yana sosa ƙeya. Mai Gwaji ta sake bayanin ƙwayoyin, ya ce ya ji, amma fuskarsa ta nuna bai shige shi ba. Shi a duniyarsa, in lamba ta shiga fom dole ta fito yadda ta shiga.

Ana cikin haka motar kwalabe ta dawo. Auta ya zo wucewa da kwali a kafaɗa, ya ga yayarsa da Manaja a ɗaki ɗaya, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Fuskarsa ta nuna ya riga ya san abin da za a ce masa. Ya sauke kwalin a hankali.

"Shigo," in ji Mai Gwaji. "Kai da ka yi aikin gini. Bokiti bakwai na tsakuwa da bokiti uku na yashi, in ka kwaɓa su, bokiti nawa kake samu?"

Ya dubi yayarsa, ya ga idonta ja amma bakinta na murmushi, ya rasa gane kan zancen. "Ba ya kai goma, Hajiya. Yashin shigewa yake tsakanin tsakuwar. Sabon lebura ne kawai ke lissafa goma, kankare ya yanke masa a tsakiyar aiki."

Manaja ya yi gyaran murya, ya tattara takardunsa, ya ce zai sake fasalin fom ɗin, a ƙara wani gurbi. Wannan a wurinsa ban haƙuri ne, kuma kowa ya karɓa a haka. Mai Gwaji ta nuna wa Auta kofin, ta gaya masa abin da aka gano a taƙaice. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗauki kwalinsa ya fita.

A cikin lungun nan mai taku arba'in ta cim masa. Ta shirya magana tun daga baranda, amma da ta buɗe baki sai ta ce, "Ka ci abinci?"

"Yaya," ya ce, "kwalar rigata ba ta taɓa karkacewa ba."

Kunya ta rufe ta. Ta dubi ƙasa.

"Tun kwana na uku na ga lambar a fom. Na san ba ni ba ne, amma wa zan gaya wa? Ni da na sha rantse muku da ƙarya. Ko ni ne ke, ni zan zarga." Ya gyara kwalin a kafaɗarsa. "Akwai ranar da na tsaya a nan wurin ina tambayar kaina ko na sha na manta. Da can ai ina yi."

"To cingam ɗin fa? Me ya sa ka daina?"

"Don ke na daina. Na ga kina matsowa kina shinshinawa, na ce in kika ji ƙamshin na'ana'a za ki ce wari nake ɓoyewa. Gara ki ji bakina yadda yake." Ya ɗan yi murmushi. "Ban taɓa shan wuya irin ta makon nan biyu ba. Ina ɗauke da jarka, abin yana bugun hancina, babu abin taunawa."

Ta tsaya tana kallonsa. Abin da ta ɗauka shaidar ya koma ne, ashe shi ne ya ajiye sandar da yake dogarawa, ya bi lungun nan da ƙafarsa sau huɗu a rana, don kawai ta yarda da shi. Tausayinsa ya kama ta, da wani alfahari da ta daɗe ba ta ji ba. Ta so ta ce ya yafe mata.

Sai ta zare igiyar da ke wuyanta, wadda makullin sito ke rataye a jiki tun ranar da tsoho ya miƙa mata. Duk safiya ita ke buɗe masa, ta tsaya har ya shiga, ta dawo ta kulle da kanta. Ta kama hannunsa ta sa makullin a ciki ta naɗe yatsunsa a kai.

"Gobe kai za ka buɗe. Ƙuguna ya gaya mini yau cewa jarka ba aikina ba ne."

Ya dubi makullin, ya dube ta. Ya sauke kwalin a ƙasa, ya rataya igiyar a wuyansa, ya tura ta cikin riga. Sannan ya laluba ƙaramin aljihun wandonsa ya ciro cingam guda ɗaya, takardarsa ta yamutse ta yi laushi saboda yawan shafawa. Ya ɓare shi ya jefa a baki, ya lumshe ido.

"Saura kwana ashirin da huɗu," ya ce yana tauna.

"Na sani," in ji ta. "Umma ba ta bari a manta."